Tambaya da Amsa: Izinin Ginin da Aka Bayar Lokacin Annoba, Yana Nan ko Ya Faɗi?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a unguwar Yelwa da ke Garwa, arewacin Kamaru. A watan Afrilun 2020, lokacin da aka rufe makarantu aka hana taro saboda korona, maƙwabcina ya samu izinin gina bene a filin da ke jikin katangata. Babu wanda ya tuntuɓe mu, sai dai muka wayi gari motar yashi tana juyewa a ƙofar gida. An yi 'yan watanni ana aiki, leburori cike da lungu babu takunkumi, daga nan aikin ya tsaya na tsawon shekaru. Yanzu an dawo da shi, kuma tagogin hawa na sama suna kallon tsakar gidana inda iyalina suke girki da wanki. Mutanen unguwa suna cewa duk izinin da aka sa wa hannu a lokacin annoba haramtacce ne, don haka mu haɗu mu kai ƙara a soke shi. Shin haka abin yake?

Wani mai karatu daga Garwa

Amsa

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Damuwarka tana kan hanya, domin babu magidancin da zai ji daɗi idan ya zama iyalinsa ba za su iya fitowa tsakar gida ba sai da mayafi. Amma hujjar da mutanen unguwa suka ɗora ka a kanta ba za ta kai ka ko'ina ba, kuma gara ka ji haka daga yanzu kafin ku tara kuɗi ku kai wa lauya.

Kasancewar an sa wa takarda hannu a lokacin annoba bai isa ya ɓata ta ba. An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da korona a Kamaru ranar 6 ga Maris 2020 a Yawunde, sannan ranar 17 ga watan firaminista Joseph Dion Ngute ya sanar da matakai 13 da suka fara aiki washegari. A cikinsu akwai rufe iyakokin ƙasa da makarantu, da hana taron da ya wuce mutum 50, da rufe mashaya da gidajen abinci daga ƙarfe 6 na yamma, da hana cunkoso a motocin haya da babura. Ranar 13 ga Afrilu aka wajabta sanya takunkumi a bainar jama'a. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba za ka sami wanda ya ce a rufe ofishin magajin gari ba, ba za ka sami wanda ya ce a daina ba da izinin gini ko a tsayar da maginan da ke kan aiki ba. Abin da aka ce wa ma'aikatun gwamnati shi ne su fifita amfani da waya da intanet a duk zaman da zai tara fiye da mutum 10. Kamaru ba ta kulle mutane a gida kamar yadda aka yi a Legas da Abuja daga 30 ga Maris ba, kuma ba ta ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya kamar yadda maƙwabciyarmu Cadi ta yi a watan Afrilun shekarar ba. Ita gwamnatin da kanta tana da manyan ayyukan gine-gine na shirin gasar cin kofin Afirka, wadda Garwa ta karɓi wani rukuni nata a filin Rumde Ajiya a watan Janairun 2022, kuma ba ta ba da umarnin a rufe su ba.

Akwai wuraren da suka bi wata hanya. Birnin Boston na Amurka ya tsayar da ayyukan gini a tsakiyar Maris 2020, jihar New York ma ta tsayar da waɗanda ba na dole ba a ƙarshen watan. A can, wanda ya ci gaba da gini ba tare da an keɓe shi ba ya karya umarni. A nan kuwa babu umarnin da aka karya da ba da izinin kansa, kuma alƙali ba ya soke takarda saboda dokar wata ƙasa.

Duk da haka ina ganin akwai gaskiya a cikin fushin mutanen unguwarku, sai dai ba su ɗora ta a mazauninta ba. Abin da annoba ta ƙwace muku shi ne damar a ji ta bakinku a kan lokaci. A kwanakin nan mutane suna tsoron shiga ofisoshi, dattawan unguwa ba sa iya tara jama'a a ƙofar jauro ko lawan, wato masu unguwa, yadda suka saba, ga azumi ya kama a ƙarshen Afrilu cikin zafin Garwa da kowa ya sani. Ƙari a kan haka, bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 9 ga Fabrairu 2020 ne manyan birane irin su Garwa da Marwa da Ngawundare suka tashi daga hannun wakilin gwamnati naɗaɗɗe suka koma hannun zaɓaɓɓen magajin gari, bisa dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019, wato ofisoshin suna cikin sauyin hannu a daidai lokacin da cutar ta iso. Faransa, wadda tsarin dokokinmu na mulki ya samo asali daga nata, ta lura da irin wannan giɓi, shi ya sa ta fitar da doka ranar 25 ga Maris 2020 da ta dakatar da lissafin wa'adi, har da wa'adin da maƙwabci yake da shi na ƙalubalantar izinin gini. Matakai 13 da na ambata ba su taɓa batun wa'adi ba.

Wa'adin nan kuwa shi ne babban cikas ɗinku. Dokar kotunan mulki ta 29 ga Disamba 2006 ta ce kafin mutum ya kai hukuma kotu, dole ya fara rubuta wa wanda ya sa hannu a takardar yana roƙon ya janye ta, kuma ya yi haka cikin wata 3 daga ranar da aka bayyana takardar ko aka sanar da ita. Idan hukumar ta ƙi, ko ta yi shiru har wata 3, to mai ƙara yana da kwana 60 ya shigar da ƙararsa a kotun mulki, wadda akwai ta a Garwa kamar yadda take a babban birnin kowace jiha. Lauya zai iya cewa ba a taɓa sanar da kai ba, kuma ba a kafa allon da ke nuna lambar izini a bakin aikin ba, idan haka ne aka yi. Lauyan ɗaya ɓangaren kuma zai ce ai ka ga motar yashi da idonka tun 2020. Wannan ƙofa ƙunci gare ta, ba zan ɓoye maka ba.

Ƙofofin da suka fi faɗi suna wani wajen, kuma ko ɗaya ba ta da alaƙa da korona. Ta farko ita ce dakatawar da aikin ya yi. Izinin gini a ƙarƙashin dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta ba takarda ce ta har abada ba, tana da lokacin da take ƙarewa. Ka je sashen tsara birni na ofishin magajin gari da takarda a rubuce, ka nemi a tabbatar maka ko izinin 2020 yana raye, ko an sabunta shi, ko kuwa an dawo aiki haka kawai. Idan ya mutu ba a sabunta ba, magajin gari yana da ikon tsayar da aikin. Idan kuma an ba da sabo kwanan nan, to sabuwar takarda ce, kuma lissafin wata 3 ɗin nan yana iya buɗe maka daga gare ta. Ka riƙe kwafin duk abin da ka rubuta, a buga maka hatimi da kwanan wata a kansa, domin maganar baki a ofis ba ta zama shaida.

Ta biyu ita ce ko abin da ake ginawa ya yi daidai da zanen da aka amince da shi. Sau da yawa a nan ne ake samun matsala: an nemi izinin hawa ɗaya an ɗora biyu, an nuna tazara tsakanin gini da katanga a kan takarda amma a ƙasa an manne su, an zana bango rufaffe ta gefen maƙwabci amma magini ya buɗe taga saboda iska. Dokar 2004 ta tanadi takardar shaidar dacewa da ake bayarwa bayan an gama aiki, kuma ma'anarta ke nan, a auna ginin da izininsa.

Ta uku kuwa ita ce mafi ƙarfi a wurinka. Izinin gini yana tsakanin mai gini da hukuma ne, ba ya shafe haƙƙin maƙwabci. Kundin dokokin farar hula da ake aiki da shi a jihohinmu masu amfani da Faransanci ya ce a sashe na 678 ba a buɗe taga ko baranda mai kallon filin maƙwabci kai-tsaye sai da tazarar mita 1 da santimita 90 daga iyaka, sashe na 679 ya sa santimita 60 ga mai kallo ta gefe, sashe na 681 kuma ya hana mutum ya sa ruwan rufinsa ya zuba a filin maƙwabcinsa. Wannan na ƙarshe ka duba shi da kyau kafin damina, domin indararon bene idan ya fuskanci katangar ƙasa ko ta bulo marar shafe, shekara biyu ta isa ya cinye gindinta. Ka ɗauko ma'aikacin shari'a da ake kira wisiye ya zo da ma'auni ya rubuta abin da ya gani, ya ɗauki hoto daga tsakar gidanka. Da wannan takarda lauya zai iya neman alƙalin gaggawa na kotun farar hula ya tsayar da aikin ta wannan gefe kafin a yanke hukunci. Ka lura dai, idan tazarar ta cika mita 1 da santimita 90, dokar ƙasa ba za ta rufe maka tagar ba ko da ana hango madafinka daga cikinta.

A nan ne nake ba ka shawarar kada ka fara da kotu. Abin da dokar ƙasa ta auna da mita, malamanmu na Malikiyya sun auna shi da cutarwa. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta wurin da aka kawo hadisin hana cuta da cutarwa, aka kuma ba da misali da buɗe taga ta kusa wadda mutum zai riƙa leƙen maƙwabcinsa ta cikinta. Idan maƙwabcinka Musulmi ne, wannan magana daga bakin limamin unguwa a gaban lawan za ta fi takardar sammaci shiga kunnensa, idan kuma ba Musulmi ba ne, ai kunya da mutunta gidan wani ba na addini ɗaya ba ne. Gyaran ma ba mai tsada ba ne tunda ba a gama aikin ba. Ana iya ɗaga tagogin su wuce tsayin mutum, ko a sa gilashi marar nuna ciki wanda ba a buɗewa, ko a juya su zuwa titi. Duk abin da kuka daidaita a kai a rubuta shi, ku sa hannu, shaidu su sa hannu, domin bene yakan canja mai shi kuma mai saye ba ya sanin alƙawarin baki.

Tambaya

Malam, ni birkila ne a Marwa. Har yau idan aka zauna hira ana cewa mu magina ne muka yi taurin kai lokacin korona, wai an ba iyayen gidanmu izini don kuɗi mu kuma muka yaɗa cuta. To da mun zauna a gida wa zai ciyar da mu? Ina laifinmu?

Wani mai karatu daga Marwa

Amsa

Malam, ban ga laifinku ba. Mutumin da ake biya kullum da yamma, wanda cefanen gidansa na gobe yake cikin aljihun ɗan kwangila na yau, ba shi ne zai yanke shawarar tsayar da aiki ba. Duk mai cewa a rufe wuraren gini a lokacin annoba, wajibi ne ya faɗi a cikin numfashi ɗaya abin da lebura zai ci, in ba haka ba maganarsa ba ta cika ba.

Sai dai masu ƙorafin ma ba mafarki suka yi ba, kuma kai ka fi ni sanin yadda ranar zuba kankaren bene take. Leburori ne jere a kan katakon hawa, kafaɗa da kafaɗa, kwanon kankare yana tafiya daga hannu zuwa hannu tun safe har la'asar domin ba a son zubin ya yanke, gumi yana zuba, ga duro ɗaya na ruwa da moɗa ɗaya kowa yana sha. Babu wanda zai iya barin tazarar mita ɗaya a wannan layi, kuma takunkumi ba ya zama a fuskar mai ɗaukar kaya a rana. Da dare kuma waɗanda suka zo ci-rani daga ƙauye sukan kwana tare a ɗaki ɗaya na ginin da ba a gama ba. A Singafo, a watan Afrilun 2020, mafi yawan waɗanda suka kamu da cutar baƙin ma'aikata ne da ke kwana a cunkushe a gidajen kwanan leburori, kuma da yawansu masu aikin gini ne. Wurin kwana ya fi wurin aiki haɗari.

Nauyin gyara wannan yana kan mai aiki. Dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992 da ƙa'idar tsabta da kariya a wuraren aiki ta 26 ga Nuwamba 1984 sun ɗora wa wanda ya ɗauki ma'aikaci alhakin lafiyarsa a wurin aiki, kuma akwai masu binciken ƙwadago a jihohi da aikinsu ke nan. Abin da nake zargin hukumomi da shi shi ne ba da izini a lokacin cuta da irin sharuɗɗan lokacin lafiya, alhali sabulu da ruwan wanke hannu da raba ma'aikata rukuni-rukuni ba su kai kuɗin tan ɗaya na rodi ba. Idan an sake tsokanar ka a majalisa, ka ce musu ƙorafin ya tafi wurin wanda ya sa hannu da wanda ya ba da kwangila.

Tambaya

Ni uwa ce a Marwa. A duk lokacin da aka ce amai da gudawa ya ɓulla hankalina yakan tashi, domin akwai wani babban gini da ake yi kusa da rijiyar da muke ɗiba, ma'aikata da yawa kuma babu bayan gida ko ɗaya. Suna da izini. Za mu iya sa a janye shi?

Wata mai karatu daga Marwa

Amsa

Hajiya, taki ta fi sauran gaggawa, kuma ba sai kin jira an ce cuta ta ɓulla ba. Kwalara tana bin ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata, kuma jihar Arewa Mai Nisa, wadda Marwa ce babban birninta, ta ɗanɗana ta sosai a 2010, ta kuma sha dawowa bayan nan, musamman idan ruwa ya sauka mayo, wato kogi, ya cika ya kwashi ƙazantar bayan gari ya shigar da ita unguwanni. Mutum da yawa suna kewayawa bayan tarin bulo a kusa da rijiya haɗari ne ko da annoba ko babu.

Kada ku ɓata lokaci wajen neman a janye izinin, domin wannan hanya ce mai tsawo kuma rashin bayan gida ba aibi ne a jikin takardar ba. Abin da kuke so shi ne a gyara yau. Magajin gari yana da ikon kula da tsabtar gari a ƙarƙashin dokar ƙananan hukumomi, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da masu duba-gari. Ku rubuta takarda guda, matan da ke ɗiban ruwa a rijiyar su sa hannu ko su dangwala, jauro ya sa nasa, ku kai ofishin ƙaramar hukumarku, ku ba shugaban gundumar lafiya kwafi, ku kuma ba ofishin ƙwadago kwafi tunda ma'aikatan su ma ana tauye su. Ku bayyana nisan da ke tsakanin wurin da rijiyar da taku ko da igiya, ku nemi abu biyu a fili: a haƙa masai nesa da rijiyar kuma ta gangaren da ruwa ba zai biyo zuwa gare ta ba, sannan a dakatar da aikin har sai an yi hakan. Sau da yawa ɗan kwangila yakan haƙa masai cikin kwana biyu idan ya ga masu duba-gari a bakin aiki, domin tsayuwar aiki ta fi masa tsada.

Kafin su zo, ku ɗaga bakin rijiyar ku yi mata murfi, ku keɓe guga ɗaya da ba a ajiye ta a ƙasa, ku tafasa ruwan sha ko ku sa masa maganin tsabtace ruwa bisa awon da ma'aikatan lafiya za su nuna muku. Idan wani a gida ya fara gudawa mai ruwa-ruwa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take a kuma garzaya da shi asibiti, kada a jira gari ya waye.